Gwangwanin Tayirosin Ko Kwanon Wake: Wane Ne Ke Ƙara Dofamin?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga likitocinmu da masu kemis. Kwanan nan duk inda na leƙa a TikTok maganar dofamin ake yi, wai shi ne sinadarin da ke sa mutum kuzari da son aiki, wai kuma yawancinmu namu ya ƙare saboda danna waya. Wani da muke layi ɗaya a Kantin Kwari ya kawo min gwangwanin ƙwayoyin tayirosin, ya ce in riƙa haɗiyar biyu da safe, kasalar nan da ke damuna za ta tafi. Abin da ɗan karen tsada. Kafin in zuba kuɗina, gaskiya ne ko neman kasuwa?

Ɗan Ƙarfe: Wa alaikumus salam. Saya kawai, mutumina. Mu a wajen ɗaga ƙarfe mun daɗe muna sha. Da tayirosin jiki ke yin dofamin, wannan ko a littafin makaranta yana nan. Ka ƙara kayan haɗi, abin da ake haɗawa ya ƙaru. Ina abin musu a nan?

Hajiya Mai Awara: Ku dai samarin yanzu komai sai na gwangwani. Me ke cikin abin nan da babu a waken suya?

Malamin Kimiyya: Hajiya, ba ki san kin taɓo gindin maganar ba. Duk furotin da muke ci, na nama ne ko wake ko ƙwai ko nono, hanji yana wargaza shi zuwa ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Guda 20 ne jiki ke gina kansa da su, 9 daga ciki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Cikin taran nan akwai fenilalanin. Hanta ce ke juya shi ya koma tayirosin, ban da tayirosin ɗin da ke zuwa kai tsaye daga kwano. Idan ya isa ƙwaƙwalwa, wasu ƙwayoyin jijiya suna mai da shi el-dofa, el-dofa kuma ya koma dofamin. Mataki biyu ke nan. Har nan Ɗan Ƙarfe bai yi ƙarya ba.

Sai a duba yawan da ake buƙata. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya ce baligi na buƙatar miligiram 25 na fenilalanin da tayirosin a haɗe kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan giram ɗaya da rabi. Ƙwai guda yana ɗauke da fiye da rabin giram, uku sun biya. Busasshen wake kusan kashi ɗaya bisa huɗu nasa furotin ne, gyaɗa ma haka, waken suya ya haura kashi ɗaya bisa uku. Ko gero da dawa suna da wajen kashi 10 cikin 100, kuma abin da suka gaza a kai wani amino asid ne daban, ba wannan ba. Wanda ya karya da koko da ƙosai, ya ci garau-garau da rana, ya rufe da tuwo miyar kuka mai daddawa, ya wuce wannan ma'auni bai sani ba.

Hajiya Mai Awara: Alhamdu lillahi. To ku zo ku sayi awara, da yaji da kabeji kyauta.

Ɗan Ƙarfe: Malam, abin da ka kawo na kada mutum ya kwanta ciwo ne. Mu muna maganar a zarce sa'a. Wanda yake son ƙwaƙwalwarsa ta yi wuta ai ba ma'aunin talaka zai bi ba.

Likitan Jijiya: Barkanku da dare. Yanzu na fito daga ɗakin duba marasa lafiya na tarar da saƙonni sun taru. Ƙanina Ɗan Ƙarfe, lissafinka zai yi daidai da a ce abin da ya shiga ciki kai tsaye yake zubewa cikin kai. Akwai shinge biyu a hanya.

Na farko, bangon jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a rufe yake gam, ba kamar na sauran jiki ba. Abu ba ya tsallakawa sai an ɗauke shi. Tayirosin yana da abin da ke ɗaukarsa, amma ba nasa ba ne shi kaɗai. Ku ɗauka A Daidaita Sahu ne guda a bakin Kantin Kwari da yamma an tashi kasuwa: kujera ƙalilan, masu jira da yawa, wanda danginsa suka fi cika bakin titi shi zai fi samun shiga. Tayirosin, fenilalanin, tiriftofan, liyusin, balin da wasu 'yan uwansu duk wannan abin hawa suke rububi. Shi ya sa ba yawan tayirosin a jini ake dubawa ba, rabonsa ake dubawa idan an gwada da abokan rububinsa. Richard Wurtman da John Fernstrom ne suka fito da wannan fili a jami'ar MIT ta Amurka a farkon shekarun 1970.

Na biyu shi ya fi muhimmanci. Akwai wani enzayim, wato sinadarin da ke gaggauta aiki a jiki, da ke juya tayirosin zuwa el-dofa, shi ke riƙe da linzamin aikin gaba ɗaya. A lafiyayyen mutum kusan a ƙoshe yake da tayirosin a kowane lokaci, ƙari ba ya sa shi sauri sosai. Sannan dofamin ɗin da aka ƙera, da ya taru, shi da kansa yake komawa ya danne enzayim ɗin. Ƙwaƙwalwa ba ta yarda abin da ka ci da rana ya riƙa juya mata wannan sinadari yadda ya ga dama, kuma rahama ce. Dofamin idan ya yi yawa a wasu sassa, gane-gane da jiye-jiye yake kawowa. Magungunan taɓin hankali irin su halofiridol aikinsu ke nan, toshe inda yake sauka.

Tayirosin ɗin da ya yi saura kuma ba ajiye maka shi ake yi ba. Wani ya tafi gina tsoka, wani sinadarin da ƙullutun maƙoshi (tayiroyid) ke fitarwa, wani baƙin fata da gashi, ragowar hanta ta ƙone shi.

Ɗan Ƙarfe: Dakta, da girmanka, amma na ga an ce sojojin Amurka sun yi bincike a kai kuma ya yi aiki. Su ma yaudararsu aka yi?

Likitan Jijiya: A'a, wannan akwai shi. An gwada a kan mutanen da aka saka cikin tsananin sanyi, ko ƙarancin iska irin na kan dutse, ko aka hana su barci dare guda. A irin wannan hali jijiyoyin suna aiki ba ƙaƙƙautawa, suna cinye kayansu da sauri, to a nan ƙarin tayirosin ya ɗan rage musu raunin tunani na 'yan sa'o'i. Amma dubi yawan da aka ba su: miligiram 100 zuwa 150 kan kowane kilo. Mai kilo 60 giram 6 zuwa 9 ke nan a zama ɗaya. Ƙwayar gwangwani galibi rabin giram ce. Kuma abin da aka gani shi ne ya tare faɗuwa, ba wai ya ɗaga wanda ya yi barcinsa ya ƙoshi ba. Da aka gwada shi a kan masu ciwon damuwa a Amurka a 1990, bai fi ƙwayar da babu komai a cikinta ba.

Famasis 'Yar Gwale: Ɗan Ƙarfe, in tambaye ka mana. Kana shan garin nan da ake rubuta wa BCAA a jikin roba?

Ɗan Ƙarfe: Sosai ma, Anti. Kafin motsa jiki da bayansa.

Famasis 'Yar Gwale: To su ne liyusin da balin da ɗan uwansu na uku, abokan rububin da Dakta ya lissafa. Idan suka cika jini, tayirosin ke rasa wurin shiga. Masu bincike ma idan suna son rage wa mutum dofamin na ɗan lokaci don gwaji, haɗin amino asid suke ba shi wanda aka cire wa tayirosin da fenilalanin. Kai kuma ka sayi wannan ka sayi wancan, kana biyan kuɗi suna kokawa a jininka.

Ɗan Ƙarfe: Tabɗi. Ni dai ina jin bambanci a jikina, wannan ba wanda zai cire min.

Famasis 'Yar Gwale: Juya robar ka karanta bayanta. Da yawansu akwai kafeyin a ciki, irin na goro da kofi. Shi kam ana jin sa.

Ɗalibar BUK: Ni kuma ayaba na ji an ce tana da dofamin a cikinta tsagwaronsa.

Malamin Kimiyya: Tana da shi, ɓawon ma ya fi. Sai dai dofamin ba ya tsallaka shingen da Dakta ya faɗa, abin hawan nan ba ya ɗaukarsa. Ko wanda ake ɗura wa mara lafiya ta jijiya a asibiti don hawan jininsa ya ɗago, a zuciya da jijiyoyin jini yake tsayawa. Na ƙwaƙwalwa a cikinta ake ƙera shi, kuma ƙwayoyin da ke wannan aiki ba su kai miliyan ɗaya ba cikin wajen biliyan 86. Ki ci ayabarki don daɗinta.

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, amma bayanin Dakta ya sa gabana ya faɗi. Mahaifinmu yana da ciwon makyarkyata, wanda likitoci ke kira Fakinson, yana shan lebodofa. Ga abin da muke gani. Ƙwayar asuba yana shanta kafin ya ci komai. Kafin a idar da wuridi hannun ya lafa, ya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa, ya ja carbi ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya kuɓuce ba. Ta rana kuwa sai ya gama cin abinci muke ba shi, don mun ɗauka magani ba ya son ciki wayam. Kuma da yake ya rame, Umma ta dage kullum sai da nama ko kifi, a bi da fura da nono mai kauri. To wannan ta ranar kamar ba a sha ba. Ludayi na bugun kwano ƙwal-ƙwal har furar ta zube masa a cinya. Idan ya tashi tafiya masallaci la'asar, yana zuwa bakin zaure sai ƙafafun su kafe, ya tsaya yana kallon dokin ƙofa, sai an riƙo shi. Yayanmu ya ce jabun magani aka sayar mana, mun canja kemis, abin bai canja ba. Gwaggonmu kuma ta ce hannu aka sa masa, tunda da yamma kaɗai abin ke tashi. Dakta, ko naman ne?

Likitan Jijiya: Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka muku da alheri kan jinya. 'Yar uwa, ban duba shi ba, amma yadda kika zayyana abin ya yi kama ƙwarai da abin da muke gani. Kuma a nan ne maganar amino asid da dofamin take da nauyi na gaske, ba a gwangwanin samari ba.

Lebodofa shi ne el-dofa ɗin da Malam ya ambata, kuma shi kansa amino asid ne. A ciwon Baba ƙwayoyin da ke ƙera dofamin a can ƙasan ƙwaƙwalwa ne suke mutuwa a hankali, kafin alamu su fito an riga an yi asarar wajen rabinsu ko fiye. Ba za a ba shi dofamin ba tunda ba ya shiga. Tayirosin kuma ba zai yi ba, don enzayim mai linzami yana cikin ƙwayoyin da suka mutu. Sai aka tsallake matakin, aka ba shi abin da ke gaba. Matsalar ita ce lebodofa yana rububin hanya da amino asid na abinci har sau biyu: a ƙaramin hanji wajen shiga jini, sannan a shingen ƙwaƙwalwa. Ƙwaya guda miligiram 100 ce ko 250. Kwanon nama da nono kuwa giram-giram yake zubowa. Ƙari a kan haka, abinci mai nauyi da maiƙo yana daɗewa a tumbi, maganin kuma ba ya shiga jini sai ya gangara hanji. Yana zaune a tumbi yana lalacewa.

Abin da aka saba shawarta: a sha maganin minti 30 kafin abinci, ko a bari sai bayan awa ɗaya zuwa biyu da ci. Da ruwa, ba da madara ko nono ba. Idan yana tayar masa da zuciya, ɗan biskit ko yankan burodi ya isa. Wasu marasa lafiyar mukan ce su tura yawancin namansu da wakensu da nononsu zuwa abincin dare, lokacin da ba sa bukatar zirga-zirga.

Amma ki ji wannan da kyau, ki kuma faɗa wa Umma: ba a ce a hana shi nama ba. Dattijon da ya rame idan aka yanke masa furotin, tsoka za ta zube, faɗuwa ta ƙaru, an gudu ba a tsira ba. Lokaci ake gyarawa, ba yawa ba. Kuma ba kowane mai ciwon ne abinci ke yi wa haka ba, ya fi bayyana ga wanda ya shekara da shekaru yana shan maganin. Kada ku ƙara ƙwaya da kanku, kada kuma ku tsayar da ita farat ɗaya, wannan yana da haɗari sosai.

Maman 'Yan Biyu: Ikon Allah. Mu muna ganin gata muke yi masa.

Famasis 'Yar Gwale: Gata ne, Yaya, agogo kawai za a sa masa. In ƙara biyu daga ɓangarenmu. Idan yana shan maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, a raba su da lebodofa da aƙalla awa biyu, don ƙarfen yana kama shi a hanji. Na biyu, don Allah idan ya yi amai ko jiri kada a aika yaro kemis a ce a ba da maganin amai. Metokulofiramayid da irinsa dofamin suke toshewa, sai ka ga dattijo ya sandare an rasa dalili. Duk wanda zai rubuta masa magani a gaya masa ciwon da yake da shi. Taurin bayan gida ma yana jinkirta maganin, a kula da ruwa da ganye.

Malamin Kimiyya: Gwaggo kuma a lallaɓa ta. Ciwon nan tun 1817 wani likitan Landan, James Parkinson, ya siffanta shi. A 1957 Arvid Carlsson na Suwidin ya ba zomayen da magani ya sandarar da su el-dofa suka miƙe suna tsalle, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000. A 1960 Oleh Hornykiewicz a Biyana ya auna ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da ciwon ya tarar dofamin ya ƙafe a wurin. Zuwa 1967 George Cotzias a Amurka ya nuna yadda za a riƙa sha ta baki. Muhammad Ali ɗan dambe ya rayu da ciwon sama da shekara 30 kafin rasuwarsa a 2016. Duk duniya ake yin sa.

Baba Mai Magani na Kurmi: Na yi shiru ina karatu, jikana ke rubuta min. Ku 'yan boko kun iya jero sunayen Turawa, amma ba wanda ya ambaci ƙarara. Wani ɗalibi da ke zuwa rumfata ya ce min wannan el-dofa naku a cikin 'ya'yanta yake. In haka ne, me ya sa talaka zai sayar da akuyarsa ya sayi na kwali alhali abin yana nan a bakin rafi yana sa yara susa?

Likitan Jijiya: Baba, barka da dare, ɗalibin ya faɗa maka gaskiya. Ƙwayar ƙarara tana ɗauke da el-dofa, wajen kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na nauyinta. Ƙaiƙayin a gashin kwanson yake, ba ruwansa da wannan. Masu maganin gargajiya a Indiya sun daɗe suna amfani da ita. Shi kansa el-dofa daga wake aka fara tsamo shi a 1913, irin wanda ake yin ful da shi a Sudan da Masar, alhazai sun san shi. Likitoci sun gwada garin ƙarara a kan marasa lafiya kuma an ga yana aiki. Ba raini a maganar.

Famasis 'Yar Gwale: Ba raini, amma Baba ka yi haƙuri, ni ba zan ce kowa ya sha ba. Na kwali haɗe yake da kabidofa, wanda ke hana jiki juya maganin zuwa dofamin tun bai kai kai ba. Ƙarara ba ta da shi. Saboda haka sai an sha ninkin-ba-ninki kafin kaɗan ya isa ƙwaƙwalwa, ragowar ya zama dofamin a jini ya kawo amai, jiri da faɗuwar hawan jini. Sannan ta wannan daji da ta wancan ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, cokalin yau ba shi ne na gobe ba. A Mozambik a ƙarshen shekarun 1980, lokacin yunwa, mutane sun ci ta ba tare da an dafa an zubar da ruwan yadda ya kamata ba, da yawa suka ruɗe kamar masu taɓin hankali.

Baba Mai Magani na Kurmi: 'Yata, na ji. To wanda ba shi da kuɗin na kwali fa? Ko wanda ya zagaye Sabon Gari bai samu ba? Ya zauna yana karkarwa har ya mutu saboda cokali ba shi da ma'auni? Ku da kuke da na'ura ku auna mana. Ga Jami'ar Bayero, ga Asibitin Malam Aminu Kano, duk a garin nan suke.

Famasis 'Yar Gwale: Wannan kam ba ni da ja. Tsadar gaskiya ce, ina ganin masu raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata. Amma kafin a auna ɗin, wanda yake kan na asibiti kada ya haɗa da ƙarara a ɓoye. Ninki biyu ke nan na abu ɗaya.

Baba Mai Magani na Kurmi: A ɓoye kam ban yarda ba ni ma. Sauran maganar muna nan a kanta.

Alhaji Na Ƙofar Mata: Ni abin da ya dame ni daban. Yaran da suka faɗa tiramadol da kodin, na ji ana cewa dofamin ɗinsu ne ya ƙone. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 abin bai bar unguwanni ba. Irin wannan gwangwani zai taimake su su daina?

Likitan Jijiya: Ranka ya daɗe, ina ma. Waɗannan ƙwayoyi ba kayan haɗi suke ƙarawa ba, sakin dofamin suke tilastawa fiye da abin da abinci ko wata ni'ima za ta saki. Da abin ya yi ta maimaituwa, ƙwaƙwalwa sai ta rage wuraren da yake sauka don ta kare kanta. Shi ya sa yaron ba ya jin daɗin komai sai ƙwayar. Matsalar a wurin karɓa take, tayirosin ba ya gyara nan. Abinci mai kyau yana cikin jinya, don yawancinsu a yunwace suke, amma jinyar ita ce likitan ƙwaƙwalwa, lokaci, da dangin da ba su yar da shi ba. Asibitin Dawanau da sashen masu wannan lalura a Asibitin Malam duk suna karɓa.

Kuma dofamin ba shi ne daɗin kansa ba, ya fi kusa da ƙwaɗayin abu da tashi a neme shi. Wolfram Schultz ya nuna a kan birai cewa jijiyoyin sun fi harbawa idan lada ya zo ba zato, ko idan aka ga alamar yana tafe. Wayar da Ɗan Fagge ya ambata a nan take kama mutum: ba ka san abin da bidiyo na gaba zai kawo ba, sai ka sake ja. Ba ƙarewa dofamin ɗin ya yi ba.

Ɗan Fagge: To Dakta ni yanzu ina na dosa? Kasalar nan fa da gaske nake.

Likitan Jijiya: Na yarda da gaske kake. Ƙarfe nawa kake ajiye waya ka kwanta?

Ɗan Fagge: Kai Dakta, a bar wannan tambayar a gaban su Alhaji.

Likitan Jijiya: To ka amsa wa kanka. Bayan barci, je ka a auna yawan jininka, a duba zazzaɓin cizon sauro, suga da maƙoshi.  Idan kuma abin ya haɗa da baƙin ciki, rashin jin daɗin abin da ka saba so, har mako biyu ko fiye, wannan ciwon damuwa ne kuma yana da magani, ka zo a gan ka.

Ungozoma Daga Ɗorayi: Maganar jini ta sa na tsoma baki. Enzayim ɗin da Dakta ya kira mai linzami ai da sinadarin ƙarfe yake aiki, mataki na biyu kuma da bitamin B6. To mu a nan abin da ya fi ƙaranci ke nan, ba tayirosin ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini. Ina samun masu ciki da ke cewa da dare ƙafafunsu ba sa zama wuri ɗaya, kamar ana musu tafiyar kiyashi a cikin ƙashi, sai sun tashi sun taka. Sau da yawa ƙarfen jikinsu ne ya yi ƙasa. Hanta, zogale, wake, da shan ƙwayar da aka ba su a awo maimakon jefa ta bayan gado. Kuma a daina kora abinci da shayi mai kauri, yana hana ƙarfen shiga.

Hajiya Mai Awara: Wannan ta bayan gado kam kin tona mana asiri.

Maman 'Yan Biyu: Dakta, na karanta wa Umma komai, ta ce a tambaye ka abu biyu. Furar za a iya dama masa ita da ruwa da rana, a bar nonon sai dare? Sannan azumi, don ya riga ya fara cewa bana ba mai hana shi.

Likitan Jijiya: Furar da ruwa ba laifi, gero furotin ɗinsa bai kai na nono ba, amma duk da haka a ba da tazarar minti 30 ɗin. Azumi kuwa ba zan yanke a zaure ba. Lebodofa ba ya daɗewa a jini, cikin kamar awa ɗaya da rabi rabinsa ya tafi, shi ya sa ake rarraba shi cikin yini. Daga sahur zuwa magariba ba magani tazara ce mai tsawo ga wanda ƙafarsa ke kafewa, ga ƙishirwa da ke saukar da hawan jini. Wasu likitansu yakan iya canja musu tsari, wasu ba ya yiwuwa. Ku je wurin likitansa tun kafin Sha'aban ya ƙare, ɓangaren hukunci kuma a samu malamin da Baba ke jin maganarsa ya zauna da shi.

Kafin ranar asibitin ku samu ɗan littafi. Kullum a rubuta lokacin da ya sha kowace ƙwaya, lokacin da ya ci abinci da abin da ya ci, lokacin da jikin ya saki da lokacin da ya sake ɗaurewa. Ko mako guda aka yi ana rubutawa zai fi wa likitan amfani a kan "da yamma abin ke tashi". Ku tafi da kwalayen duk abin da yake sha, har na gargajiya idan akwai.

Maman 'Yan Biyu: Akwai wani jiƙo da Gwaggo ke kawowa a jarka, ba mu san abin da ke ciki ba.

Baba Mai Magani na Kurmi: A tambaye ta wurin wa ta karɓo, a je a ji sunan itacen. Mai magani na gaskiya ba ya ɓoye wa mai jinya wannan. In an ji, a rubuto nan in gaya muku ko na san shi.